Kason Ilmi Cikin Arzikin Ƙasa da Yadda Ake Kwatanta Shi

Idan ana so a gwada himmar ƙasashe kan sha'anin ilmi, ba a kan dubi yawan kuɗin da kowace ta kashe ba, domin mawadaciya za ta rinjayi matalauciya ko da ba ta yi wani ƙoƙari ba. Abin da a kan duba shi ne kason da gwamnati ta ware wa ilmi daga cikin jimlar arzikin da ƙasar ta samar a shekara, watau darajar noma da kiwo da masana'antu da ciniki da sauran ayyuka gaba ɗaya. Taron ƙasashen Afirka da aka yi a Adis Ababa a 1961 ya ƙudura cewa kason ya kai 4 cikin 100 a 1965, ya kuma kai 6 a 1980. Taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 ya tsayar da 4 zuwa 6 cikin 100 na arzikin ƙasa, ko kuwa 15 zuwa 20 cikin 100 na dukan kuɗin da gwamnati ke kashewa.

Amma ma'aunin yana da wurare uku da yakan ruɗi mai karatu. Na farko, jimlar arzikin kanta kintace ce. A 2014 Nijeriya ta sake lissafin arzikinta na 2013, ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa 510. Nan take kason ilmi ya ragu kusan rabi a takarda, alhali ba a rage wa wata makaranta ko kwabo ba. Na biyu, a ƙasa mai tsarin tarayya jihohi da ƙananan hukumomi ne ke ɗauke da firamare da yawancin sakandare, saboda haka kasafin gwamnatin tsakiya ɓangare ne kawai. Na uku, yawan yara ya bambanta. A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, a Japan kuwa da kyar suka wuce ɗaya cikin goma. Ko da kasonsu ya zo daidai, abin da zai isa ga kowane yaro ba ɗaya ba ne.

Ashe ke nan kason yana auna ƙoƙarin gwamnati ne. Malamin da ke son sanin ko kuɗin ya wadatar sai ya ƙara da tambayar nawa aka kashe kan kowane ɗalibi, kuma yara nawa ne ba sa makaranta.