Sankarar Fata da Wasiƙar Jabu Zuwa ga Ƙashi

Kimanin kashi 99 cikin ɗari na sinadarin kalsiyam da ke jikin ɗan Adam yana ajiye ne cikin ƙasusuwa da haƙora. Ɗan abin da ke yawo cikin jini bai wuce miligiram 8.5 zuwa 10.5 a kowace mililita 100 ba. Masu tsaron wannan ma'auni wasu 'yan tsokoki ne huɗu a wuya, kowace kamar ƙwayar shinkafa, da ake kira faratairod. Idan kalsiyam ya yi ƙasa, sai su aika da sinadarin saƙo, ƙashi ya saki ajiyarsa, ƙoda kuma ta rage zubarwa.

Wata irin sankara da ke tasowa daga ƙwayoyin saman fata takan kwaikwayi wannan saƙo. A ƙasar Hausa an fi ganinta a tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya shekara da shekaru bai warke ba, da kuma fatar zabiya da rana ta daɗe tana duka. Idan ta yi girma, wani lokaci takan zuba cikin jini wani furotin mai kama da saƙon faratairod, tamkar wasiƙar jabu mai ɗauke da hatimin sarki. Ƙashi da ƙoda ba sa iya bambancewa, sai su bi umarni. Tun 1941 Fuller Albright na Boston ya yi hasashen haka, amma sai a 1987 masana a Melbon ta Ostireliya da wasu a Amurka suka gano furotin ɗin.

Kalsiyam mai yawa yakan hana ƙoda riƙe ruwa. Majiyyaci sai ya yi ta fitsari, ƙishirwa ta addabe shi, jikinsa ya bushe, bushewar kuma ta ƙara ɗaga kalsiyam ɗin. Sai taurin bayan gida, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. A nan ne 'yan uwa kan ɗauka tsufa ne ko iska, alhali gwajin jini mai sauƙi zai nuna gaskiya. Idan ma'aunin ya haura 14, yana iya kaiwa ga doguwar suma da rikicewar bugun zuciya.

A asibiti akan fara da ƙarin ruwan gishiri ta jijiya, sannan allurar magani irin su zoledronet da ke hana ƙashi zaizayewa. Sau da yawa hankalin majiyyaci kan dawo cikin 'yan kwanaki. Sai dai muddin ba a yanke sankarar ko an gasa ta da na'ura ba, kalsiyam ɗin yakan sake hawa.