Hasken da ke auna dauɗar da ta narke cikin ruwa

Ruwa na iya zama garai-garai a ido, alhali kuwa ruɓaɓɓen ganye da ciyawa da kashin dabbobi sun jiƙa sun narke a cikinsa. Tacewa da ƙyalle ba ta fidda wannan dauɗa. Ma'aikatan ruwa suna damuwa da ita ƙwarai, domin ita ce ke cinye ƙarfin jabel. In ta yi yawa, jabel ɗin sai ya ƙare a kanta, ƙwayoyin zawo da na kwalara su tsira. Ƙari ga haka, a shekarar 1974 wani masani mai suna Johannes Rook, a birnin Rotadam na ƙasar Holan, ya gano cewa gamuwar jabel da ita na haifar da wasu sinadarai irin su kulorofom, waɗanda shan su shekara da shekaru ke iya cutar da jiki.

To, ƙaƙa ake auna abin da ido bai gani?

Akwai wani haske da ake kira ultrabiyole. Yana cikin hasken rana, amma idon ɗan Adam ba ya ganin shi. Ita wannan dauɗa tana shanye shi, musamman wanda masana ke kira na nanomita 254. Na'urar tana da fitila a gefe guda, da ma'auni a ɗaya gefen, ruwa na bi ta tsakani. Ruwa mai tsabta na barin hasken ya wuce kusan duka. Iyakar yawan dauɗa, iyakar raguwar hasken da ke isa ma'auni. Nan take a karanta lamba, ba a zuba wani magani ba.

Amfanin wannan ya fi fitowa ga garin da ke shan ruwan kogi, kamar Yamai, inda ake tace ruwan kogin Isa a Gudel. Da damina, koramu irin su Sirba da Dargol sukan kwararo da jan ruwa, kogin ya canza cikin ƴan kwanaki. Mai tacewa na bukatar sanin haka da wuri, don ya daidaita yawan alif da jabel.

Amma kada a ɗora wa na'urar kayan da ba nata ba. Ba ta ƙidaya ƙwayoyin cuta. Laka na ruɗe ta, shi ya sa ake tace ruwan kafin awo, ana kuma goge gilashinta a kai a kai.

Ku masu ɗiba a tabki ko gulbi, ba ku da na'ura, amma dokar ɗaya ce. A bar ruwan ya kwanta, a sa alif ko dakakken ƴaƴan zogale, a tsiyaye, a tace, sannan a zuba jabel gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa. A rufe tulun, a jira minti 30 kafin a sha.