Ƙafar Waya ta Tsohuwar Mota: Yaya Ake Gane Ta?

Duk wanda ya taɓa zama wurin mai gyaran keke ya san ƙafar waya. Mun sha ganin mai gyara yana juya ƙafa, ya ɗaure wannan waya, ya sassauta waccan, har ƙafar ta daina rawa. To, masu karatu, akwai zamanin da motoci ma suka yi tafiya a kan irin wannan ƙafa. A Amurka da Ingila har yau akwai masu tara motocin wancan zamani, suna gyara su. Babban abin da yake ba su ciwon kai shi ne sanin wanda ya ƙera ƙafar da suka samu a kasuwar tsofaffin ƙarafa, domin da yawa ba kamfanin motar ne ya yi su ba.

Ga yadda abin ya samo asali. Motar Ford da ake kira Model T, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1908 zuwa 1927, da ƙafafun katako ta fito. Katako kuwa in ya bushe sai ya saki, ƙafa ta riƙa kuka. Sai waɗansu kamfanoni, irin su Houk da Buffalo da Hayes, da kuma Dayton wanda aka kafa a jihar Ohayo a 1916, suka shiga sayar wa masu mota ƙafafun waya. Ford bai fara ba da nasa ba sai a 1926. Ashe ke nan in an ga Model T ta 1920 da ƙafar waya, daga baya aka sa mata.

Wanda bai sani ba, murfin tsakiya yake fara dubawa, domin a nan ake rubuta suna. Mu dai a ganinmu wannan shi ne shaida mafi rauni. Murfi yana faɗuwa, a sa wani. Fenti ma haka. Yaro yana iya sa rigar makarantar wansa, amma wannan bai sa sunansa a rajista ba.

Wayoyin su ne ba su ƙarya. Na Ford walda aka yi musu, an haɗe su da rim da cibiya, ba a ɗaure su, ba a sassauta su. Na Dayton da Buffalo kuwa kowace waya tana da ɗan notinta a jikin rim, kamar dai na keke. Daga nan sai a ɗauko abin awo. Ford ya yi ta rage girman ƙafa: inci 21 a 1928 da 1929, inci 19 a 1930 da 1931, inci 18 a 1932, inci 17 a shekaru biyu na gaba, sai inci 16 a 1935. Akwai kuma tarko a nan. Ƙafar Model T ta ƙarshe da ta Model A ta farko duka inci 21 ne, duka noti biyar gare su, amma da'irar ramukan notin ta farkon inci 5 ce, ta biyun inci 5 da rabi. Ido ba zai raba su ba, sai awo.

A Turai wata hanya aka bi. Kamfanin Rudge-Whitworth na birnin Kobentiri a Ingila, wanda da kekuna ya fara suna, shi ya fito da ƙafar da noti guda ɗaya tak yake riƙe ta, wajen 1908. Cikin cibiyar ƙafar akwai ƙananan haƙora, a jikin motar ma akwai, su shiga juna, sa'an nan a buga babban notin da guduma mai kan tagulla ko darma. Masu tseren mota sun so ta ƙwarai, domin nan da nan ake canja ƙafa. A 1922 Carlo Borrani ya sami izinin ƙera irinta a Milan, ƙasar Italiya, kuma ita ce motocin Ferrari na dā suka hau. Masu saye sukan nemi haruffan RW da lamba da aka buga a jikin rim, da alamar tafin hannu wadda Borrani ya gada daga Rudge. Sukan kuma ƙirga wayoyi: a motocin Ingila an fi samun 48, ko 60, ko 72. Cibiyar ma iri-iri ce. Wadda ake kira 42, ta yawancin motocin MG, ba ta shiga wurin 52 ta Jaguar.

Ba asarar kuɗi kaɗai ake gudu ba. Notin ɓangaren hagu ana ɗaure shi kamar kowane noti, na ɓangaren dama kuwa a baibai ake ɗaure shi. An yi haka ne domin juyawar ƙafa ta riƙa ƙara masa ƙarfi. In mai gyara ya ruɗe ya kai cibiyar dama hagu, tafiya kanta za ta kwance notin, ƙafa ta fita ana cikin gudu. Haka kuma in an ɗora sabuwar ƙafa a kan haƙoran da suka cinye. Direba zai fara jin ƙwas a duk lokacin da ya tashi ko ya taka birki, wata rana kuwa ya taka birki cibiya ta tsaya, ƙafa ta ci gaba da juyawa.

Shi ya sa gwanayen abin, kafin su biya kuɗi, sukan goge tsohon giris su duba haƙoran. Sababbi suna da ɗan faɗi a kai, waɗanda suka ci kuwa sun yi tsini, sun karkata. Sa'an nan su ɗauki ɗan ƙarfe su bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasawa. Mai lafiya tana amo tangaram. Wadda ta saki, ko tsatsa ta cinye gindinta, sai ta amsa da ɗif.