Tsohuwar giranda da askar wanzami: yadda ake cire tsatsa ba tare da an kashe kaifi ba

A Kiyako da sauran garuruwan Birnin Kudu da Gwaram, har yanzu askar wanzami na da kasuwa. Da ita ake askin jariri ranar suna, da ita ake yi wa dattawa gyaran fuska. Wata askar ta gado ce, tun ta kaka, sai damina ta same ta cikin zabira ta yi tsatsa. A da maƙeri kan zauna da ita a kan dutsen washi. Yanzu da tsofaffin injina 'yan Beljiyom suka wadata, wajen mai giranda ake fara kai ta, kuma a nan ne aska mai kyau kan mutu cikin daƙiƙa kaɗan.

Zafi ne ke kashe aska

Bakin aska siriri ne ƙwarai, ba shi da kaurin da zai shanye zafi. Da zarar ƙarfen ya haura digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, taurinsa ya fara tafiya. Launi ne ke nuna haka: idan ya yi ruwan ɗorawa an kai wajen digiri 230, idan ya yi shuɗi an kusa 300. Wurin da ya yi shuɗi ba zai sake riƙe kaifi ba, ko an kwana ana wasa shi.

Girandar hannu da masu walda ke yankan rodi da ita tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, don haka ba ta da aiki a jikin aska. Girandar teburi kuwa tana yin wajen 2,850 a wutar Nijeriya mai has 50. Ita ce za a iya ɗaura wa faifan ƙyalle da man goge ƙarfe, a share tsatsar jiki da gadon baya. A riƙa taɓawa kaɗan ana tsoma askar cikin ruwa. Idan yatsa ya ji ɗumi, a dakata.

A duba injin tukuna

Tsohon inji mai jikin ƙarfe yana buƙatar wayar ƙasa, wato ta uku a fulogi. Idan babu ita kuma wata waya ta goge a ciki, jikin injin gaba ɗaya zai ɗauki wuta, ko ta KEDCO ce ko ta janareta, ga shi mai aikin hannunsa a jiƙe yake. A sauya duk wayar da ta tsage, kada a wadatu da naɗa mata leda.

Idan akwai dutse a jikin injin, a cire shi, a rataye a yatsa, a ƙwanƙwasa da ƙotar katako. Lafiyayye zai yi ƙara tas, mai tsaga zai yi dum, kuma wannan na juji ne. Adadin juyin da aka rubuta a kan dutsen kada ya gaza na injin. Tazarar dutse da majinginin ƙarfe kada ta wuce milimita 3. In an kunna, a koma gefe na minti ɗaya kafin a fara aiki.

Riƙon aska

Faifan ƙyalle kan fizge aska ya wurga ta. Saboda haka a riƙe ta ƙasa da tsakiyar faifan, bakinta na kallon ƙasa, yadda ƙyallen zai sauka daga gadon baya zuwa baki. A sa tabarau na kariya da takunkumi, a naɗe hannun riga, a tuɓe babbar riga da rawani. Safar hannu ma haɗari ce, domin inji na iya kama ta ya ja yatsu.

Kaifi kuma aikin hannu ne: sanfefa mai laushi, dutsen washi da ruwa, sannan fata. Askar da tsatsa ta ci ramuka a bakinta a ajiye ta, domin jini da datti kan maƙale a ciki, kuma ta jini ake ɗaukar ciwon hanta nau'in B. Wadda ta gyaru a wanke ta da sabulu, a tafasa, a busar da ita sosai kafin ta taɓa kan kowa.