Zaɓen ninkin matsa ga injin mota mai turbo ko kwamfuresa

1. Gabatarwa

Wannan takarda ta shafi tambaya guda da ke tasowa idan za a ɗora wa injin isansi na'urar tura iska: wane irin fiston ya kamata a sa? Za mu nuna cewa ninkin matsa ba lamba ba ce da ake tsinta ita kaɗai. Zafin iska, ingancin isansi da dabarar kunna wuta ne ke tsaida ita.

2. Ma'anar ninkin matsa

Ninkin matsa, wanda ake kira taux de compression da Faransanci, shi ne faɗin cikin silinda sa'ad da fiston ke ƙasa, a raba shi da ɗan wurin da ya rage sa'ad da ya hau sama. Mu ɗauki injin lita 2 mai silinda 4. Kowane fiston yana share cm³ 500. In ɗakin ƙonewa cm³ 62,5 ne, ninkin ya zama 562,5 a raba da 62,5, watau 9:1. In ana son 8:1, sai ɗakin ya kai cm³ 71,4.

Yawan matsa yana ƙara amfanin mai. Bisa lissafin zagayen Otto, 8:1 na ba da kashi 56,5 cikin ɗari, 9:1 na ba da 58,5, 10:1 kuma 60,2. Injin gaske bai kai haka, amma tazarar na nan: kowane mataki ɗaya da aka rage, an yi hasarar mai, kuma motar ta yi nauyin tashi kafin turbo ya kama aiki.

3. Haɗarin ƙwanƙwasa

Bayan buji ya kunna wuta, harshenta na tafiya a hankali cikin ɗakin. In ragowar cakuɗen mai da iska ya yi zafi ƙwarai, sai ya fashe da kansa kafin wutar ta iso. Wannan ita ce ƙwanƙwasa, cliquetis da Faransanci. Tana karya bakin fiston, tana ƙone juwan kulas. Lambar oktan ta isansi ita ce ma'aunin jurewarsa ga wannan fashewa.

Turbo, wanda hayaƙin injin ke juyawa, da kwamfuresa, wanda igiyar roba ke ja, dukansu suna zafafa iskar da suke turawa. Mu ce ana zafin digiri 40, kamar yadda ake yi a Tawa ko Yamai cikin watan Afrilu, turbo kuma yana ƙara bar 0,7 da ingancin kashi 70. Iskar za ta fito da kimanin digiri 113. In aka matse ta 9:1, ta kai wajen digiri 560 kafin a kunna wuta. In aka sauko 8:1, ta tsaya wajen 526. Amma in aka bar 9:1, aka sa masanyayin iska ya maido ta digiri 55, ba za ta wuce 435 ba. Ke nan rage mataki ɗaya ya cire digiri 34, masanyayi kuwa ya cire 125.

Saboda haka lissafin da wasu ke yi, na ninka 9 da 1,7 su ce injin ya koma 15:1, bai isa hujja ba, don bai kula da zafi ba. A lura kuma cewa kwamfuresa irin na Roots ya fi turbo zafafa iska, kuma yana turi tun injin na juyawa a hankali, lokacin da ƙwanƙwasa ta fi saurin faruwa.

4. Abin da tarihi ya nuna

A 1962 kamfanin Oldsmobile na Amurka ya fito da Jetfire mai turbo, ya bar ninkin a 10,25:1. Sai da aka riƙa fesa ruwa da metanol don hana ƙwanƙwasa. Masana'antun Turai suka bi hanyar ragewa: BMW 2002 Turbo ta 1973 tana da 6,9:1, Porsche 911 Turbo ta 1975 tana da 6,5:1. A 1978 Porsche ta sa masanyayi, ta hau 7:1. Saab ta Suwidin ta fara da 7,2:1, amma a 1982, da ta kawo tsarin APC mai sauraren ƙwanƙwasa yana rage turi da kansa, ta kai 8,5:1. A 2004 injin 2.0 TFSI na Golf GTI ya kai 10,5:1, domin fesa isansi kai tsaye cikin silinda yana sanyaya iska. A 2018 Nissan ta sa a kasuwa injin VC-Turbo mai sauya ninki tsakanin 8:1 da 14:1 yana tafe. Duk lokacin da aka shawo kan zafi ko kunna wuta, ninkin ya ƙaru.

5. Tsarin zaɓe

Da farko a tantance isansi mafi rauni da motar za ta sha, ba mafi kyau ba. Inda ake sayen mai cikin kwalabe a bakin hanya, ba a san oktan ɗinsa ba, dole a bar rata. Na biyu, a tsaida yawan turi. Na uku, a duba ko akwai masanyayi da na'urar jin ƙwanƙwasa. Sannan a zaɓi fiston. Ga injin da ke fesa mai a bututun shiga, mai turin bar 0,5 zuwa 1, yawanci ana tsayawa tsakanin 8:1 da 9:1.

Hanyar ragewa ma tana da muhimmanci. Sa juwan kulas mai kauri yana buɗe ƴar tazarar nan ta kimanin milimita 1 da ke tsakanin gefen fiston da kulas, wadda ke motsa cakuɗen ya ƙone da sauri. Ya fi kyau a sa fiston mai rami a tsakiya.

6. Kammalawa

Rage ninki fiye da kima hasarar mai ce ta kullum; barinsa sama da kima kuwa na iya kashe injin cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Mai zaɓe ya fara da sanyaya iska da gyara kunna wuta, sa'an nan ya ɗauki ninki mafi girma da isansinsa zai jure a rana mafi zafi.