Fitsarin Kare da Ƙunar Ciyawar Ado

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, shimfiɗar ciyawa a gaban gida ko a bayansa aba ce da ake tinƙaho da ita, musamman tun bayan da Edwin Budding ya ƙera injin aske ciyawa a Ingila a shekarar 1830, abin da a hankali ya sauƙaƙa wa masu matsakaicin hali kula da irin wannan fili. Da yake a can kare tare da iyali yake zama, kuma a kan ciyawar yake biyan bukatarsa, masu gidaje sun daɗe suna kokawa da wasu tabbai zagayayyu kamar faifai, inda ciyawa ke bushewa ƙurmus a tsakiya, gefe kuwa ta yi kore shar, har ta fi ta sauran filin tsawo.

Wannan koren gefe shi ne ke tona asirin lamarin. Kare dabba ce mai yawan cin nama, kuma idan jikinsa ya sarrafa furotin, wato sinadarin gina jiki, hanta tana mayar da ragowar ta zama yuriya, ƙoda kuma ta tace ta zuwa cikin fitsari tare da gishiri iri-iri. Yuriyar nan ita ce dai wadda manomi ke saya a buhu, mai ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, kuma duk wanda ya taɓa tula ta a gindin masara ƙasa ba danshi ya san yadda shuka ke ƙonewa. Dalili shi ne, idan sinadarai suka taru da yawa a kewayen saiwa, sai su janye ruwan da ke cikinta maimakon ita ta sha daga ƙasa. A tsakiyar tabon takin ya wuce kima, a gefe kuwa ya tsarma daidai yadda ciyawa ke so.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa asid ne a fitsarin ke yin ɓarnar, wasu kuma suna ɗora laifin a kan karya. Wani likitan dabbobi a jihar Kolorado ta Amurka, A. W. Allard, ya gwada batun a 1981, ya gano cewa yawan fitsarin da kaurinsa su ne ke ƙona ciyawa, ba tsaminsa ba. Fitsarin karya kuwa bai fi na namiji dafi ba. Abin da ya bambanta su shi ne ita tsugunawa take yi ta juye duka a wuri ɗaya, shi kuma yakan ɗaga ƙafa ya rarraba kaɗan-kaɗan a jikin bango da itace.

Saboda haka maganin farko ruwa ne. Idan aka kwarara bokiti guda a wurin da kare ya yi fitsari, ko aka sakar masa tiyo cikin 'yan sa'o'i, ruwan zai tsarma yuriyar ya nutsar da ita ƙasa, abin da zai zama ƙuna ya koma taki. Na biyu shi ne horo, wato a ware wani lungu a zuba masa yashi ko tsakuwa, a riƙa kai karen can da igiya, musamman da asuba lokacin da fitsarinsa ya fi kauri, ana saka masa da ɗan abin ci duk sa'ad da ya yi daidai, har ya saba. Ya kamata kuma kwanon ruwansa ya kasance cike koyaushe, a rage takin zamani a inda yake yawan zirga-zirga, kuma kada a aske ciyawar ƙwal, domin doguwa ta fi zurfin saiwa da juriya.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne dabarun da ake bi ta cikin karen. Akwai masu zuba masa gishiri ko ruwan tumatir a abinci, akwai kuma ƙwayoyin da ake sayarwa don sauya tsamin fitsari. Tun da ba tsami ne ke jawo ƙunar ba, wannan wahalar da dabba ce kawai, kuma sauya yanayin fitsari yana iya haifar da tsakuwa a mafitsara, yawan gishiri kuma haɗari ne ga kare mai ciwon zuciya ko na ƙoda. Bai dace a sayar da lafiyar mai rai don kyan fili ba, kuma ko rage masa nama ba a yi sai da shawarar likitan dabbobi.

Inda ciyawa ta riga ta mutu, sai a ƙarce busasshiyar da manjagara, a jiƙa wurin sosai na 'yan kwanaki don wanke gishirin, sannan a yafa sabon iri. Gwajin Allard ya nuna cewa ciyawar Bamuda, wadda Hausawa suka sani da kirikiri, tana cikin masu saurin ƙonewa, amma da yake tana yaɗo a bisa ƙasa da ƙarƙashinta, takan rufe ƙaramin tabo da kanta muddin ana ba ta ruwa.