Haƙorin ya daina ciwo, amma bai warke ba

Wata uwa ta kawo mana ɗanta ɗan shekara 8 daga wajen Magama, bakin iyakar Jibia da Nijar. Kuncinsa ya kumbura har ido ya kusa rufewa, ga zazzaɓi. Na tambaye ta yaushe abin ya fara. Ta ce tun kafin azumi ta ga baƙin ɗigo a turmin haƙorinsa, ya yi ta kukan dare, ta sa masa kanumfari da maganin kyamis, sai ciwon ya lafa. "Sista, na zaci ya warke. Kuma ai na famfara ne, zai faɗi."

Ba na famfara ba ne. Turmin da ke fitowa can ƙurya wajen shekara 6 haƙorin girma ne, ba ya da madadi. Yana fitowa ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye da yawa ke ruɗewa.

Kogon haƙori yana tafiya a hankali muddin yana kan ɓawon waje mai tauri. A nan ciko ya isa, zama ɗaya an gama. Da ya huda zuwa laushin ciki sai ya ƙara gudu, a bakin yaro cikin watanni ma yana iya kaiwa ga jijiya. Lafawar ciwon da uwar nan ta yi murna da ita, sau da yawa alama ce jijiyar ta mutu. Ƙwayoyin cuta kuwa suna nan, suna tara mugunya a saiwa.

Na san lissafin da ake yi: kuɗin mota zuwa Katsina, kuɗin kati, ranar kasuwa da za a rasa. Ba na ganin laifin kowa. Amma wannan uwar ta biya duka, ta ƙara da kwanciya asibiti, kuma haƙorin ciro shi aka yi.

'Yar'uwa, yau da dare ki haska bakin yaronki da fitilar waya. Ɗigo fari kamar alli, ko baƙi, ko gurbin da abinci ke maƙalewa, ki kai shi wurin likitan haƙori ko da ba ya kuka. Alewa da lemon kwalba tsakanin abinci su ne abincin kogon, a rage su, a goge baki safe da dare da man da ke da fuloraid. Don Allah kada a ɗiga ruwan batir a kogo, ƙona dasashi yake yi.

In kumburi ya sauka ƙasan muƙamuƙi, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, kada a jira gari ya waye, a nufi asibiti a daren.